Yadda ake gwada motsin ƙwayoyin bakteriya a ɗakin gwaje-gwaje da yadda ake fassara abin da aka gani

Da zarar damina ta kankama a jihar Bauchi, kwatami suka tumbatsa, ruwan sama ya fara gangarawa cikin rijiyoyin da ba su da murfi, ma'aikatan ɗakunan gwaje-gwaje sun san cewa kwalaben bahaya za su soma taruwa a gabansu. A shekarar 2021 alƙaluman NCDC, hukumar da ke yaƙi da yaɗuwar cututtuka ta ƙasa, sun nuna cewa an yi zargin fiye da mutum 100,000 sun kamu da kwalara a faɗin Najeriya, fiye da 3,000 sun rasu, kuma Bauchi tana cikin jihohin da abin ya fi shafa. Ƙaramin asibiti a ƙauyukan Ningi ko Misau ko Dass ba zai iya mallakar duk kayan aikin da ke Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa ba, amma galibi ba a rasa maikiroskop da gilasai da man basilin a cikinsa, kuma waɗannan sun isa a duba ko ƙwayoyin da ke cikin samfuri suna tafiya da kansu, da kuma irin tafiyar da suke yi. Gwajin ba shi da tsada, ba ya cin lokaci, sai dai yana da saurin yaudarar wanda bai san abin da yake kallo ba, don haka ya kamata a fara da sanin gaɓar da ke haifar da motsin kafin a taɓa gilashi.

Bulalar bakteriya da amfaninta ga cuta

Yawancin ƙwayoyin bakteriya masu iyo suna yin sa ne da wani siririn zare da masana ke kira filajela, wanda za mu kira bulala a wannan bayani. An gina zaren da furotin iri ɗaya mai suna filajelin, wanda guda dubbai suke jeruwa su zama bututu mai murɗe. Kaurinsa bai wuce nanomita 20 ba (nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita), shi ya sa maikiroskop na yau da kullum ba ya nuna shi, ko da yake tsawonsa ya ninka na jikin ƙwayar sau da yawa. A gindin zaren akwai wani ɗan inji da ke kafe a bangon ƙwayar, kuma a shekarun 1973 da 1974 masu bincike a Amurka, ciki har da Howard Berg, suka tabbatar da cewa injin nan juyawa yake yi, kamar yadda maburgi ke juyawa tsakanin tafukan mai miya, ba kaɗawa gaba da baya ba. Ƙarfin da ke juya shi yana fitowa daga kwararar sinadarai zuwa cikin ƙwayar: a jikin Escherichia coli da Salmonella haidurojin ne ke yin wannan aiki, a jikin Vibrio kuwa, wato dangin ƙwayar kwalara, sodiyam ne, abin da ya dace da rayuwarta a ruwa mai ɗan gishiri.

Yawan bulala da wurin da take su ne ke bambanta salon tafiya, kuma wannan salon ne ma'aikaci zai gani da idonsa. Vibrio cholerae, wadda ke haddasa kwalara, bulala ɗaya tak gare ta a ƙarshen jikinta, tana kuma tafiya da matuƙar sauri a miƙe. Salmonella da E. coli da Proteus suna da bulalu da yawa a ko'ina a jikinsu. Idan injinan suka juya ta ɓangare ɗaya sai bulalun su haɗu su zama igiya guda su tura ƙwayar gaba, idan suka sauya juyi sai igiyar ta warware, ƙwayar ta wuntsila, ta fuskanci wata hanya. Da wannan tafiya da wuntsilawa ƙwayar ke bin ƙamshin abinci ta kuma guje wa abin da zai cuce ta. Shigella, wadda ke kawo atini mai jini, da Klebsiella ba su da bulala, ba sa motsi ko kaɗan.

Amfanin bulala ga ƙwayar cuta a bayyane yake idan aka tuna cewa hanji da ciki da mafitsara duk a shafe suke da majina mai kauri, kuma abin da ke cikinsu kullum gaba yake yi zuwa waje. Ƙwayar kwalara sai ta ratsa majinar ƙaramin hanji kafin ta manne a bango ta fara zuba gubar da ke jawo ruwa daga jiki. Helicobacter pylori, wadda Barry Marshall da Robin Warren suka nuna alaƙarta da gyambon ciki a farkon shekarun 1980, tana fitar da sinadarin da ke rage tsamin da ke kewaye da ita, majinar ta yi laushi, sannan ta yi amfani da bulalunta ta nutsa zuwa inda tsamin ciki bai kai ba. Irin E. coli da ke kama mafitsara kuma tana amfani da bulala wajen haurawa ta hanyoyin fitsari zuwa ƙoda. Wannan ba ya nufin ƙwayar da ba ta motsi ba ta da haɗari, domin Shigella ta ishe mu misali.

Shirya samfuri

Idan ana zargin kwalara, a karɓi bahaya sabo, mai ruwa-ruwa, irin wanda likitoci ke kira ruwan shinkafa, a cikin kwalba mai tsabta wadda ba a wanke ta da kulorin ko wani maganin kashe ƙwayoyi ba, kuma a karɓe shi kafin a ba majinyaci maganin antibayotik idan hakan zai yiwu ba tare da jinkirta magani ba. Kada a kwaso daga fo ko bokitin da aka zuba wa kulorin, domin ƙwayoyin sun riga sun mutu. A duba shi nan take, saboda motsi yana raguwa da zarar samfurin ya daɗe a ajiye. Idan za a tura shi nesa, a tsoma auduga mai sanda a ciki a soke ta a cikin Cary-Blair, wato haɗin da ake adana samfuri a cikinsa don ƙwayoyin su isa da ransu.

Idan ƙwayoyin ba su da yawa, ko an kawo samfurin a makare, a zuba kaɗan a cikin ruwan fefton mai alkali, wato ruwan abincin ƙwayoyi da ya karkata zuwa ɓangaren kanwa maimakon tsami, wanda ma'aunin tsaminsa (pH) yake wajen 8.6, a ajiye a inkubeta a zafin digiri 35 zuwa 37 na tsawon awa 6 zuwa 8. Vibrio tana son iska, tana jure alkali, tana kuma da saurin iyo, don haka takan taru a saman ruwan tun kafin sauran ƙwayoyin hanji su yi yawa. A ɗiba daga can sama, kada a girgiza kwalbar. Idan aka bar ta ta kwana, sauran ƙwayoyi za su cim mata, amfanin matakin ya tafi.

Ga ƙwayar da aka riga aka raina a kan farantin abincin ƙwayoyi, a ɗauki kaɗan daga tsiro guda ɗaya da ya keɓe, wato ɗan tulin ƙwayoyin da suka hayayyafa a wuri ɗaya, a sa a ruwan raino, a bar shi 'yan awoyi har ya fara gurɓacewa kaɗan. Tsohon raino ba ya ba da amsa ta gaskiya, domin ƙwayoyin da abinci ya ƙare musu sukan daina motsi ko su zubar da bulalunsu. Haka nan idan za a tsinka samfuri, a yi da ruwan gishiri na asibiti, ba da tataccen ruwa ba, domin tataccen ruwa yana tsayar da Vibrio cak.

Haɗa ɗigon da ke rataye

Ana buƙatar gilashi mai ɗan rami a tsakiya, da siririn gilashin rufi, da wayar ɗiba mai zobe, da basilin. A sa safar hannu. A ɗora ɗan basilin a kusurwoyi huɗu na gilashin rufi, ko a shafa siririn layi a gefunansa. A ƙona wayar ɗiba har ta yi ja, a jira ta huce sosai, domin waya mai zafi tana kashe ƙwayoyin da ta fara taɓawa, sannan a ɗora ɗigo ɗaya ƙarami a tsakiyar gilashin rufin. A kifa gilashi mai ramin a kansa ta yadda ramin zai rufe ɗigon ba tare da ya taɓa shi ba, a danna a hankali don basilin ya kama, sannan a juya su gaba ɗaya da sauri. Yanzu ɗigon yana rataye a cikin ramin. Idan ya yi girma har ya taɓa ƙasan ramin, a sake wani. Wanda ba shi da gilashi mai rami zai iya yin zobe da basilin a kan gilashi na yau da kullum, ko ya ɗora ɗigon a kan gilashin ya rufe shi ya toshe gefuna.

Toshe gefuna ba ƙaramin abu ba ne a wannan yanki namu. A lokacin hunturu iska a bushe take ƙwarai, a watannin Maris da Afrilu kuma zafi yakan kai digiri 40, kuma ɗigon da ba a toshe ba yana fara ƙafewa cikin ɗan lokaci, ruwan ya riƙa malala zuwa gefe yana jan ƙwayoyin. Fanka da ke kaɗawa a kan teburi tana ƙara wannan matsala, a kashe ta ko a juya ta.

A fara da madubi mai ninki 10, a nemi bakin ɗigon, wanda zai bayyana a matsayin layi mai duhu, a daidaita gani a kansa, sannan a koma mai ninki 40. A rage haske ta hanyar matse ƙofar hasken da ke ƙarƙashin teburin maikiroskop, saboda ƙwayoyin da ba a rina ba kusan garau suke, haske mai yawa yana ɓatar da su. A tsaya a bakin ɗigon, inda ruwa bai yi zurfi ba kuma iska ta fi yawa, domin nan ƙwayoyi masu son iska suke taruwa.

Karanta motsin

A nan ne yawancin kuskure yake faruwa, domin akwai motsi iri uku a ƙarƙashin madubi, ɗaya ne kawai na gaskiya. Na farko shi ne rawar da kowane ƙanƙanen abu yake yi a cikin ruwa, mai rai ko marar rai, saboda ƙananan ƙwayoyin da suka haɗu suka zama ruwan kansa suna bugunsa ta kowace fuska. Masanin tsirrai Robert Brown ya bayyana shi a 1827. Ƙwayar da ke wannan rawa tana karkarwa ne a wuri ɗaya, ba ta barin maƙwabtanta. Na biyu shi ne malala, inda ake ganin dukkan ƙwayoyi da dattin da ke tare da su suna tafiya wuri ɗaya da sauri ɗaya. Motsi na gaskiya shi ne a ga ƙwaya ta bar wurinta ta ratsa tsakanin sauran, wata ta yi gabas wata ta yi yamma, wata ta tsaya ta juya. Hanya mafi sauƙi ita ce a zaɓi ƙwayoyi biyu ko uku da ke kusa da juna a zuba musu ido, a ga ko tazarar da ke tsakaninsu tana sauyawa. Ko da kaɗan ne daga cikin ƙwayoyin suke irin wannan tafiya, matuƙar rainon iri ɗaya ne tsantsa, ana rubuta cewa ƙwayar mai motsi ce.

Vibrio cholerae tana gilmawa ne kamar an harba ta, ido ba ya iya bin guda ɗaya na dogon lokaci, kuma idan ta ɗan tsaya ana iya ganin jikinta a lanƙwashe. E. coli da Salmonella sun fi ta natsuwa, suna tafiya suna wuntsilawa. Wanda ya taɓa ganin na Vibrio sau ɗaya da wuya ya manta, shi ya sa nake ganin ya dace duk malamin da ke koyar da ɗalibai a kwalejojin kiwon lafiya ya nuna musu ƙwaya mai motsi da marar motsi gefe da gefe a rana ɗaya, misali E. coli da Klebsiella, maimakon ya zana musu a allo kawai. Amma gilmawa ba ta kwalara ce ita kaɗai ba: Campylobacter da Aeromonas da wasu ire-iren Vibrio da ba sa kawo annoba su ma suna da saurin tafiya. Saboda haka abin da za a rubuta a takarda shi ne an ga ƙwayoyi masu gilmawa da suka yi kama da Vibrio, ana jiran raino. Tabbatarwa tana zuwa ne daga shuka a kan TCBS, farantin raino na musamman don Vibrio, inda tsiron kwalara yake fitowa rawaya, da gwajin oksides, wani sinadari da Vibrio take da shi, daga faranti marar rini, da haɗawa da antiseram, wato ruwan jini mai ɗauke da sinadaran garkuwa, na O1 da O139, rukunan Vibrio cholerae biyu da ke kawo annoba.

Abin da garkuwar jiki take yi da bulala

Akwai ƙarin mataki da ke ƙarfafa zato cikin mintuna. A haɗa gilasai biyu daga samfuri ɗaya, a ɗiga antiseram na O1 a ɗaya, ruwan gishiri a ɗaya. Idan ƙwayoyin na rukunin O1 ne, waɗanda aka sa wa antiseram za su tsaya su dunƙule, na ɗaya gilashin kuma su ci gaba da gilmawa. Dole a tabbata antiseram ɗin ba shi da maganin adanawa da zai iya kashe kowace ƙwaya, in ba haka ba tsayawar ba ta nufin komai. Abin da ake gani a wannan gilashi shi ne abin da ke faruwa a hanjin mutumin da ya taɓa yin kwalara ko ya sha rigakafinta: bulalar Vibrio tana cikin kube da aka yi da irin fatar jikin ƙwayar, antibodi, wato furotin da garkuwar jiki ke ƙerawa don kama baƙon da ta sani, yana kama wannan fata, ƙwayar ta kasa iyo, ta kasa ratsa majina, hanji ya fitar da ita.

Tun kafin jiki ya ƙera antibodi, yana da masu gadi da ke gane filajelin kai tsaye. A 2001 aka gano cewa wani furotin mai suna TLR5, da ke jikin ƙwayoyin halittar bangon hanji da huhu da wasu daga cikin sojojin jini, yana kama filajelin ya tayar da ƙararrawa, a saki sinadaran da ke kiran fararen ƙwayoyin jini zuwa wurin. A babban hanji an dasa wannan mai gadi ne a bayan bango, ba a fuskar da ke kallon bahaya ba, don kada ɗimbin ƙwayoyin da ke zaune lafiya a cikinmu su riƙa tayar da kumburi kullum. Sai wadda ta keta bangon ce take taɓa shi. Idan kuma filajelin ya shiga har cikin ƙwayar garkuwa mai haɗiye baƙi, wasu furotin da ake kira NAIP da NLRC4 suna gane shi, ƙwayar garkuwar ta fasa kanta da gangan, ta tona asirin baƙon da ya ɓuya a cikinta.

Ɓangaren filajelin da TLR5 yake ganewa shi ne ɓangaren da guda-guda suke haɗuwa da juna wajen gina zaren, wanda ƙwayar cuta ba za ta iya sauya shi yadda ta ga dama ba ba tare da ta rasa tafiyarta ba. Duk da haka wasu sun samu mafita. Filajelin na Helicobacter pylori da na Campylobacter jejuni ya sauya ta yadda TLR5 ba ya jin sa sosai, kuma wannan na cikin dalilan da suka sa Helicobacter take iya zama a cikin mutum shekaru da yawa. Salmonella tana rage ƙera filajelin da zarar ta shiga cikin ƙwayoyin garkuwa, kuma yawancin ire-irenta suna da filajelin kala biyu da suke musanyawa. Listeria da Yersinia enterocolitica suna motsi a zafin digiri 25, amma su daina a digiri 37, wato zafin jikin mutum.

Wannan batu na ƙarshe yana da tasiri a kan aiki. Idan littafi ya ce a ajiye raino a zafin ɗaki, yana nufin digiri 20 zuwa 25 ne, ba zafin ɗakin gwaji a Bauchi da rana tsaka a watan Afrilu ba. A sa ma'aunin zafi a kusa da kwalbar, a nemi wuri mafi sanyi, in ba haka ba za a rubuta marar motsi a kan ƙwayar da take da bulala.

Gwaji a cikin aga mai laushi

Idan ba a gaggawa, ko ƙwayar tana da haɗarin da bai kamata a buɗe ta a kan gilashi ba, ana amfani da kwalbar aga (sinadarin da ke daskarar da abincin raino) mai laushi, wadda yawan agar da ke cikinta bai wuce kashi 0.4 cikin ɗari ba. A ɗauki tsiro da miƙaƙƙiyar waya, a soka ta a tsakiya har kusan rabin zurfi, a zaro ta ta hanyar da ta shiga ba tare da karkata ba, a ajiye a digiri 35 zuwa 37 na awa 18 zuwa 24. Ƙwaya marar motsi za ta tsiro a kan layin sukar kawai, mai motsi kuma za ta bazu ta gurɓata kewaye. Wannan gwaji ne ke taimakawa wajen raba Salmonella da Shigella, waɗanda dukkansu suke fitowa fari-fari a kan farantin raino na MacConkey. Idan wuta ta ɗauke da dare inkubeta ya huce, a ƙara lokaci kafin a yanke hukunci.

Proteus kuwa ba ta buƙatar gwaji na musamman, domin a kan farantin jini takan tsawaita jikinta, ta ƙara yawan bulalu, ta malale farantin da zobe-zobe har ta rufe sauran tsiro. Da irin wannan tafiya take bin robar fitsari ta shiga mafitsara. Shi ya sa ake shuka fitsari a kan farantin raino na CLED, wanda ƙarancin gishirinsa yake hana ta bazuwa.

Harafin H a takardar Widal

Duk wanda ya taɓa karɓar sakamakon gwajin taifot ya ga haruffan O da H. Harafin H yana nufin antibodin da jiki ya ƙera a kan bulalar Salmonella, O kuma na fatar jikinta ne. Gwajin ya samo asali daga likitan Faransa Georges-Fernand Widal a 1896. Antibodin H yakan daɗe a jini bayan an warke, wani lokaci shekaru, kuma a wurin da mutane suke yawan haɗuwa da ire-iren Salmonella tun suna yara, samunsa a jinin mai lafiya ba abin mamaki ba ne. Zazzaɓin cizon sauro ma yana iya ɗaga sakamakon. A ganina, ɗora wa mutum antibayotik saboda H ya hau a gwaji guda ɗaya ɓarnar kuɗi ce da ɓarnar magani. Idan ana son a dogara da Widal, a ɗauki jini sau biyu da tazarar kwana 10 zuwa 14 a ga ko ya ninka sau huɗu, kuma inda akwai hali, rainon jini ya fi shi nesa ba kusa ba.

Bayan an gama duba samfurin da ake zargin kwalara ne, a sanar da likita da baki nan take, a kuma sanar da jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma, domin shi ne zai shirya tura samfurin gaba don tabbatarwa. Ba a jiran ɗakin gwaji kafin a fara ba majinyaci ruwan gishiri da sukari, ko ƙarin ruwa ta jijiya idan ya galabaita. Gilasan da aka yi amfani da su suna ɗauke da ƙwayoyi masu rai, don haka a jefa su gaba ɗaya cikin ruwan kulorin ba tare da an raba su da hannu ba, a zuba wa ragowar bahayan kulorin mai ƙarfin kashi 2 cikin ɗari, a goge teburi da mai kashi 0.2, a wanke hannu da sabulu ko da mai kashi 0.05.